Mamaya

mā̀mayā̀ *sn., mc.*, *jam.* mā̀màye-mā̀màye (ba kasafai ba).

1. Afka wa mutum ko gari ba zato ba tsammani. *Mis.* Mahara sun kai musu ~ da asuba.

2. *(soja)* Zaman sojojin wata ƙasa a ƙasar da suka ci da yaƙi, suna juya akalarta. *Mis.* ~r Jamus a Faransa, 1940–1944. Dokar hana fita da katin rabon abinci na zamanin ~.

3. *(adabi)* labarin zamanin ~: ƙagaggen labari na tarihi da aka gina kan rayuwar talakawa a ƙarƙashin mamaya (ma'ana ta 2), wani lokaci soyayyar saurayi da budurwa ce ƙashin bayansa, ana yin ta a ɓoye. *Mis.* *Romeo, Julie a tma* (1958) na Jan Otčenášek: wani ɗalibi ya ɓoye wata budurwa Bayahudiya a birnin Prag a 1942, so ya shiga tsakaninsu.

*Dangoginta:*
mā̀mayā̀ *fi.* (mā̀màyi, mā̀màyē) shammata, kama mutum bai shirya ba: Baƙi sun mamaye mu ba a ɗora tukunya ba.
māmàyē *fi.* rufe wuri kakaf: Fāri sun ~ gonaki, *(aro)* Sonsa ya ~ zuciyarta.
mā̀màyayyē *sif.*, *mc.* mamayayya, *jam.* mamayayyu: ~n gari.
'yan mamaya *sn., jam.* sojojin da suka ƙwace ƙasa.

*Db.* hari, farmaki, ƙawanya.