Birni da Hadari: Tarihin Binciken Tasirin Birane kan Ruwan Sama

Wannan reshe ne na ilimin yanayi da ke nazarin yadda gine-gine da kwalta da hayaƙi ke sauya wurin da hadari ke zuba da kuma ƙarfinsa, musamman a watannin zafi, lokacin da ruwa ke zuwa da tsawa. Tushensa na Landan. A 1818 Luke Howard ya fara wallafa littafinsa kan yanayin birnin, inda ya nuna cewa cikin gari ya fi karkara ɗumi, balle da dare. Sai da aka yi shekara ɗari kafin a waiwayi ruwa. A 1921 Robert Horton, injiniyan ruwa a Amurka, ya lura cewa hadari kan haɗu a saman wasu birane fiye da kewayensu. A 1929 J. R. Ashworth ya duba bayanan Rochdale, garin masaƙu a Ingila, ya ga ruwan ranar Lahadi, da masana'antu ke hutu, bai kai na sauran ranaku ba.

Abin da ya ta da ƙura shi ne La Porte, wani ƙaramin gari a jihar Indiana, kimanin kilomita 50 gabas da masana'antun ƙarfe na Gary, kusa da Chicago. A 1968 Stanley Changnon ya ba da rahoton cewa tsakanin 1951 da 1965 garin ya fi maƙwabtansa samun ruwa da kashi 31 cikin ɗari, ga yawan tsawa da ƙanƙara. Ya danganta abin da zafi da hayaƙin da iska ke kwasowa daga yamma. Masu suka suka ce ba sama ce ta canza ba, mai karanta ma'aunin ruwan garin ne ke kuskure. Sukar nan ta yi wa fannin alheri, domin gaskiya ne ba a gina hukunci kan ma'auni ɗaya a gari ɗaya.

Daga wannan gardama aka tsara binciken METROMEX a St. Louis, daga 1971 zuwa 1975. Aka baza ma'aunan ruwa sama da ɗari biyu, aka haɗa da na'urar rada da jiragen sama. Sakamakon ya nuna ƙarin ruwan lokacin zafi da kashi 5 zuwa 25 cikin ɗari, kuma mafi yawansa ba a tsakiyar birni ba, a ɓangaren da iska ke nufa bayan ta ratsa garin, cikin tazarar kilomita 50 zuwa 75. Dalilin bai da wuyar fahimta. Siminti da kwalta na riƙe zafi, iska mai zafi ta tashi sama ɗauke da laima, dogayen gine-gine kuma su rage mata gudu har ta taru wuri ɗaya. Wani lokaci hadarin da ya taso daga nesa kan rabe biyu ya kewaye birnin, kamar ruwan rafi in ya tarar da dutse. An tabbatar da wannan a Indianapolis a 2011.

Tauraron ɗan'adam na TRMM, da Amurka da Japan suka harba a 1997, ya fitar da binciken daga gari guda zuwa duniya, kuma a nan aka gane cewa amsar ba ɗaya ba ce. A wurare masu laima abin ya fi fitowa fili: a 2002 Marshall Shepherd da abokan aikinsa sun sami ƙarin ruwa da kashi 28 cikin ɗari a ɓangaren da iska ke nufa bayan ta ratsa birane irin su Atlanta da Dallas. A hamada kuwa zafi kaɗai bai isa ba, sai da laima. Ruwan damina ya ƙaru da kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari a arewa maso gabashin Phoenix bayan 1950, kuma ana ganin ban-ruwan gonaki da lambuna na da hannu a ciki. A Beijing wani bincike na 2009 ya ga akasin haka: da gini ya cinye filayen noma, tururin da ƙasa ke fitarwa ya ragu, ruwan ma ya ragu. Hayaƙi shi ma fuska biyu gare shi. Daniel Rosenfeld ya nuna a 2000 cewa idan hayaƙin ya yi yawa, ɗigon ruwan da ke cikin gajimare kan yi ƙanana har su kasa faɗowa.

A 2021 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya amince, da matsakaicin tabbaci, cewa birane na ƙara ruwa da mamako a kansu ko a bayansu. Sai dai yawancin hujjar daga Amurka da Sin ta fito, kuma wannan giɓi ne da ya kamata ya dame mu. A yankin Sahel mafi yawan ruwan damina na zuwa ne da manyan hadura masu tasowa daga gabas, masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda suka fi Kano ko Yamai girma nesa ba kusa ba. Gano sawun birni a cikinsu na buƙatar ma'aunai masu yawa na tsawon shekaru, irin waɗanda aka girke a kewayen Yamai tun 1990.