Gidan Gandu da Hutun Tsoho

A zamanin da, a ƙasar Kano da Zazzau, manomi ba ya gina gida sau ɗaya ya gama. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara, saboda haka fasa katanga ko ƙara ɗaki ba wuya. In ɗa ya yi aure, sai uban ya yanka masa sashe, a gina wa amarya ɗaki, a ja danga. Zaure ɗaya su ke shiga, gona ɗaya su ke nomawa. Wannan shi a ke kira gandu. Uba ke biyan haraji, ya kuma ba ɗan gayauna ya noma don kansa.

In ƙarfin mai gida ya ƙare, ya kan danƙa wa babban ɗansa gona da rumbu, amma ba ya barin turakarsa. Da hantsi ya fito zaure yana tufka igiya. Tsohuwa kuwa ta kan bar wa matan 'ya'yanta girki, ta koma yaye jikoki.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Samari suka sami kuɗin kansu, gandu ya soma watsewa tun uba yana da rai. Daga baya bulo da kwano suka yawaita, gyaran gida ya yi tsada. Duk da haka, har yanzu ma'aikacin da ya shiga fansho ya kan sa kuɗin sallamarsa ya ƙara ɗakuna, don kada tsufa ya same shi shi kaɗai.