Jijjigar masu juna biyu: abin da bincike ya gano a jihar Kano

Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, tana cikin manyan cututtukan da ke hallaka mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya, tare da zubar jini da doguwar naƙuda.

Takan faro ne da hawan jini bayan ciki ya wuce mako 20. Ma'aunin jinin mace ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a kuma ga sinadarin furotin a fitsarinta. Daga nan sai matsanancin ciwon kai, da dishi-dishin gani, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙahon zuci. Idan ba a tari abin ba, sai ta faɗi tana karkarwa, tana taune harshe, hankali ya gushe.

Ta fi kama masu cikin fari, musamman 'yan shekaru kaɗan, kuma tana iya zuwa kafin naƙuda, ko a tsakiyarta, ko bayan an sauka.

A ƙauyuka da dama akan ɗauka iskokai ne suka buge mai ciki, don haka sai a fara da hayaƙi da rubutu, a bar asibiti sai an ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Maganin da aka daɗe ana gardama a kansa

Tun a shekarun 1920 likitoci a Amurka ke amfani da allurar maganiziyam salfet, amma a Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ciki har da Najeriya, an fi dogara da diyazifam.

Gardamar ta ƙare ne a 1995, lokacin da mujallar Lancet ta wallafa gwajin da aka yi kan mata kusan 1,700. An gano cewa waɗanda aka yi wa maganiziyam haɗarin sake jijjigarsu ya ragu da kimanin rabi, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba diyazifam.

A 2002 wani gwajin mai suna Magpie, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar tana rage haɗarin fara jijjigar da kashi 58 cikin ɗari ga masu hawan jinin ciki.

Magani ne mai araha, ba ya kuma bukatar firiji. Duk da haka shekaru suka yi ta wucewa bai kai ga yawancin asibitocin Najeriya ba, saboda ba a sayo shi, ma'aikata kuma na tsoron kada ya tsayar da numfashin majiyyaciya.

Gwajin Kano

A 2008 ƙungiyar Population Council, da tallafin gidauniyar MacArthur da haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya ta jihar Kano, ta shigar da maganin a manyan asibitocin gwamnati goma. An horar da likitoci da ungozomomin asibiti, su kuma suka koma suka horar da abokan aikinsu, aka ba su ƙa'ida guda a rubuce.

Cikin shekara ɗaya an yi wa mata 1,045 magani. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar ya nuna cewa mace-mace tsakanin masu cutar sun sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3.

Sai dai ya kamata a karanta alƙaluman da lura. Kwatanta jiya da yau aka yi, ba rukuni biyu aka ware a lokaci guda ba, kuma horo da sa ido sun zo tare da allurar. Ba dukkan ragin ne za a jingina wa maganin shi kaɗai ba, ko da yake tazarar ta yi girman da ba za a kira ta dace ba.

Yadda ake yin allurar

Bisa tsarin da aka fi bi, ana fara wa mace da giram 14: huɗu ta jijiya a hankali, biyar-biyar a kowane ɗuwawu. Sannan a riƙa ƙara giram biyar duk bayan awa huɗu, har awa 24 bayan haihuwa ko jijjigar ƙarshe.

Kafin kowace ƙari ma'aikaciya za ta ƙirga numfashi, ta duba yawan fitsari, ta ƙwanƙwasa gwiwa ta ga ko ƙafa na zabura. Idan maganin ya yi yawa a jiki, akwai allurar kalsiyam da ke karya shi.

Wannan sa ido yana da wuya a inda ungozoma ɗaya ke kwana da ɗaki guda. Shi ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka jarraba tsayawa a allurar farko kaɗai, suka kuma bayar da rahoto a 2009 cewa ta tsayar da jijjigar ga mafi yawan matan.

Hakan na da muhimmanci ga garuruwan yammacin Kano irin su Kara, a yankin Gwarzo da Kabo. Ƙaramin asibiti na iya yin allurar farko, sannan a garzaya da mace babban asibiti kamar na Gwarzo, domin allurar jijjiga take tsayarwa, cutar kuwa ba ta fara lafawa sai an raba uwa da ciki da mabiyiya, wani lokacin ta hanyar tiyata.