Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Ɗaukar Ɗan Sanda a Ƙasar Katsina

Saurayin Kankiya ko Kusada da ke son shiga aikin ɗan sanda a matsayin kurtu ya san abin da za a nema gare shi tun kafin a buɗe shafin ɗaukar aiki. Shekarunsa su kasance tsakanin 18 da 25. Ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Tsayinsa kada ya gaza mita 1.67, mace kuwa 1.64, faɗin ƙirjin namiji idan ya shaƙi iska ya kai santimita 86. Ya zo da lambar NIN, da takardar haihuwa, da shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsa ne, kuma likita ya tabbatar ba shi da gwame ko wata nakasa da za ta hana shi fareti. A ƙarshen jerin akwai takarda guda wadda wani babban mutum zai sa wa hannu, ya ce ya san yaron kuma ya tsaya masa. Mu da muka san aikin daga ciki mun san cewa wannan takarda ta ƙarshe ita ce mafi tsufa cikin sharuɗɗan, ita ce mafi amfani, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tarihin aikin ya nuna yadda aka yi ta lalace, ya kuma nuna ta inda za a ɗinke ta.

Jijiyar aikin ɗan sanda a Najeriya biyu ce, kuma kowace da irin mutumin da take ɗauka. A masarautu irin Katsina akwai dogarai, masu manyan riguna ja da kore, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Akasarinsu bayin sarki ne da cucanawa, an haife su a gidan sarauta, an san uwa an san uba. Ba a yi musu jarrabawa, ƙarfin jiki da biyayya ake dubawa, kuma wanda ya yi laifi an san ƙofar da za a kai ƙara. Can bakin teku kuwa Turawa sun bi wata hanya dabam. A 1863 John Glover ya tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki, don ya samu waɗanda ba su da dangi a garin da za su tsare. Wannan dabara ta sa baƙo ya tsare ɗan gari ita ta bi jinin rundunar gwamnati har 1930, lokacin da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Najeriya. Duk gardamar da ake yi yau kan ɗaukar kurata gadon waɗannan jijiyoyi biyu ce.

A shekarun 1920 Turawa suka ga dogarai ba za su wadatar da mulkin En'e ba, sai aka kafa 'yan doka, masu kaki da albashi da horon fareti. Nan take aka ci karo da wata matsala: ɗa ba ya son aikin da aka san na bayi ne. Maganin da aka samo shi ne a ɗora 'ya'yan sarki a kan rundunar don ta yi kwarjini. A Katsina, Usman Nagogo ɗan Sarki Muhammadu Dikko ya zama Wakilin Doka a 1929, shekara 15 kafin ya gaji mahaifinsa. A Kano ma Ado Bayero ya riƙe wannan kujera daga 1957. Da aikin ya samu daraja, hanyar shigarsa ta zama ta lamuni. Mai unguwa ya gabatar da yaro ga dagaci, dagaci ya kai shi gaban hakimi, hakimi ya tura shi birni. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu su ma sun sami gurbi. Ɗan dokan da aka ajiye a gunduma irin Kankiya ya san hanyoyin da ɓarayin shanu ke bi, ya san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba, idan kuma ya ci amana kunyar tana komawa kan wanda ya kawo shi. Wannan kunya ita ce ainihin tantancewar wancan zamani.

Sai dai wanda ya tsaya maka yakan so ya mallake ka. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, 'yan doka suka zama sandar dukan 'yan adawa. Magoya bayan NEPU sun sha kamu da bulala da ɗauri a kotunan alƙalai kan taron da ba a ba su izini ba, ko kan maganar da aka ce rashin kunya ce ga sarakuna. Wannan ne ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir, ya ba da shawarar a narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, aka kuma yi hakan a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Waɗanda ba su cika ma'aunin karatu da lafiya ba aka sallame su. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ci gaba da hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya. Katsinawa ba su yi asara a sabon tsarin ba, domin M.D. Yusufu ya zama Sufeto Janar daga 1975 zuwa 1979, Ibrahim Coomassie kuma daga 1993 zuwa 1999. Abin da aka rasa shi ne igiyar da ta ɗaure kurtu da mutanen da suka san shi.

Daga nan takarda ta karɓi ragama. Ma'aunin karatu ya yi ta hawa har ya tsaya a kiredit biyar. Makarantar horar da hafsoshi da aka kafa a 1988, wadda ke Wudil yanzu, ta zama mai ba da digiri a 2012, ana shigarta ta hanyar JAMB. Yawan masu nema shi ma ya fi ƙarfin ido. A zamanin Obasanjo an ƙudurta ɗaukar mutum 40,000 kowace shekara, adadin da kwalejojin Kaduna da Ikeja da Maiduguri da Oji River ba za su iya horarwa yadda ya kamata ba. A 2016, da gwamnatin Buhari ta ba da gurbi 10,000, fiye da mutum 900,000 suka nema. Babu kwamitin da zai iya sanin halin mutum dubu ɗari tara, saboda haka aka miƙa wa na'ura aikin tacewa: lambar NIN ta kama mai rage shekaru, jarrabawar kwamfuta ta kama mai takardar aro. Ana cikin haka rigima ta ɓarke a 2019 tsakanin Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar kan wanda ke da ikon ɗaukar kurata. Babbar Kotun Tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hukumar da ikonta a watan Yulin 2023, amma a 2024 ɓangarorin biyu suka sake saɓawa kan jerin sunayen waɗanda aka ɗauka. Shekara biyar ana shari'a da musayar kalamai kan wanda zai sa hannu a Abuja, ba a tsaya an tambayi wanda zai ba da shaida a Kusada ba.

Abin da tsarin yau yake iya aunawa a bayyane yake. Sandar awo tana faɗin tsayi, likita yana gano hawan jini da shan ƙwaya, kwamfuta tana faɗin maki. Babu ɗaya cikinsu da zai ce wannan yaron shi ne ya fasa shagon maƙwabci bara, ko shi ne ke kai wa mutanen daji man fetur. Horon wata shida yana koya wa kurtu riƙe bindiga da rubuta rahoto, ba ya sake masa hali. Rabon gurbi bisa ƙananan hukumomi abu ne mai kyau, domin idan aka raba 10,000 daidai a kan ƙananan hukumomi 774, Kankiya za ta samu kusan 13, Kusada ma haka, ɗan Mawashi ko Yashe ko Rimaye ba sai ya yi gogayya da ɗan Legas ba. Amma darajar wannan rabo ta rataya ne a kan takardar asali da takardar mai tsayawa, kuma ƙorafin da aka daɗe ana ji a jihohi da dama shi ne baƙi na samun ta farko, ta biyun kuma manya suna sa mata hannu ba tare da sun taɓa ganin yaron ba. Dalilin a fili yake: ba a saba jin an kira mai tsayawa ya amsa tambaya ranar da wanda ya tsaya wa ya yi aika-aika ba. Shaidar da ba ta da ɗaukar alhaki tawada ce kawai.

Gyaran ba ya buƙatar a taɓa tsarin mulki. Bayan jarrabawa, a liƙa sunayen waɗanda suka ci, da hotunansu da mazaɓunsu, a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi da masallatan Juma'a na tsawon mako biyu, duk mai ƙorafi ya rubuta da sunansa. A sa mai unguwa da shugaban sakandaren da yaron ya gama cikin masu shaida, domin su suka san shi tun yana ƙarami. A ƙayyade yawan mutanen da mutum ɗaya zai tsaya wa a kowane zango. Sunan mai tsayawa ya zauna a fayil ɗin ɗan sandan har ya yi ritaya, idan aka kore shi kan laifin da ya samo asali tun kafin ɗaukarsa, a kira mai tsayawar, a kuma hana shi sake tsaya wa wani.

Za a ce wannan komawa ce zamanin En'e, hakimi zai cusa 'ya'yan fadawansa ya toshe 'ya'yan waɗanda ba sa ɗasawa da shi. Tsoron yana da tushe, tarihin NEPU shaida ne. Amma hakimin 1955 yana da alƙali da gidan yari da 'yan doka a bayansa, na yau ba shi da ko ɗaya. Kuma a tsarin da nake nufi shaida ba zaɓe ba ce: maki ne zai jera sunaye, mai shaida iyakarsa ya ce ya san yaron ko bai san shi ba, wanda aka yi wa ƙorafi kuma yana da damar kare kansa a gaban Hukumar. Alfarma ma ai ba ta mutu ba da aka rushe 'yan doka, ƙaura ta yi zuwa ofisoshin da talaka ba ya gani, inda har yanzu mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Son kai da aka yi a allon sanarwa na Kankiya ya fi sauƙin kamawa a kan wanda aka yi a ɗakin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita.

Wasu kuma za su ce ɗan gari ba zai iya kama kawunsa ba, don haka gara baƙo. Wannan ita ce hujjar Glover, kuma ita ta haifar da ɗan sandan da jama'a ke gudu maimakon su kai masa labari. Ita kanta rundunar ta sassauta, domin a 'yan shekarun nan an sha sanar da cewa sababbin kurata za a mayar da su ƙananan hukumominsu. Gwamnatin Katsina ma, da matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, 'yan gari ta nema: a Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum kusan 1,500, saboda su suka san daji. Baturen 'yan sanda da manyan hafsoshi su ci gaba da zuwa daga ko'ina don a samu adalci. Kurtun da zai tsaya a kasuwa kuwa, tunda gida za a mayar da shi, wajibi ne gida ya faɗi abin da ya sani game da shi kafin a ba shi bindiga. Akwai kuma masu cewa a sauke sharaɗin Turanci da lissafi don yaran karkara su samu shiga. Ban yarda ba. Ɗan sandan da ba zai iya rubuta jawabin mai ƙara ba, ko ya tsaya gaban majistare ya amsa tambayar lauya, shi ne sanadin sakin ɓarawo. Maganin wannan yana ajin sakandare, a samar da malaman Turanci da lissafi a makarantun ƙauye.

Tun daga 2024 maganar 'yan sandan jihohi ta sake tasowa da ƙarfi tsakanin fadar shugaban ƙasa da gwamnoni. Idan ta tabbata, Katsina za ta ɗauki dubban matasa cikin ɗan lokaci, kuma duka haɗarin biyu da tarihi ya nuna za su zo tare: rundunar da ke yi wa mai mulki aiki irin ta shekarun 1950, da ɗaukar gaggawa irin ta farkon shekarun 2000. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kankiya da Kusada a Katsina da Abuja su nemi a rubuta liƙa sunaye da alhakin mai tsayawa cikin dokar tun daga farko, domin bayan an raba kaki da bindigogi cire ɓata-gari guda ɗaya yakan ci shekaru ana shari'a.