Ɗinkin Rigunan Mutanen Da

Ko wane ma'aikaci yana da abin da ya kan yi in an tashi daga aiki. Wani dara, wani kiwon tattabaru, wani kuwa zaman hira a ƙofar gida har a kira magariba. Ni dai Allah ya jarrabe ni da allura da zare. Rigunan mutanen da na ke kwaikwaya, watau irin waɗanda kakanninmu suka sa tun Turawa ba su ci ƙasar nan ba a 1903. Abokaina sun sha yi mini ba'a, suna cewa me ya haɗa akawu da aikin almajirai. To, ga amsata. Littattafan tarihi sun riƙe mana sunayen sarakuna, da yaƙoƙin da suka yi, da shekarun da suka yi bisa gado. Amma labarin talakawan da suka noma, suka kaɗa, suka saƙa, suka rina, ba a rubuta shi da tawada ba sai kaɗan. Yana jikin riga, kuma ba mai iya karanta shi sosai sai wanda ya zauna ya gwada yin irinta.

Asalin abin kuwa, bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, aka zo rabon gado, aka buɗe wata tsohuwar adaka, sai ga rigar saƙi ta kakansa naɗe cikin tsumma. Asu ya ci gefe guda, shafinta ya koɗe. Ba wanda ya so a ƙiyasta masa ita cikin rabonsa, sai na ce a ba ni. Na kai ta wurin wani tsohon maɗinki a unguwarmu don ya gyara. Ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya daɗe yana shafawa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wannan ta wuce gyara, in allura ta shige ta yagewa za ta yi. Amma in kana da haƙuri, zauna in koya maka, ka yi mata ƙanwa."

Na ce, "Baba, ni da ko maɓalli ban taɓa sawa ba?"

Ya ce, "Wanda ya iya riƙe alƙalami ai ya yi rabin koyo."

Abu na fari da na ke so cikin wannan aiki shi ne haɗa ƙwarya. Mai karatu ya sani masaƙar mazanmu ta gargajiya ba ta fid da ƙyalle mai faɗi, sai dogon ɗan siriri, wani faɗin yatsa biyu, wani uku ko huɗu. Shi a ke yankawa daidai tsawon riga, ko wane yanki sunansa ƙwarya, a bi su ɗaya ɗaya ana haɗa baki da baki. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwarya da yawanta, gwargwadon darajar riga. Kafin ƙwaryar nan ta iso hannun maɗinki kuwa ta bi hannaye da yawa. Manomi ya noma auduga. Mata sun gurje ta, sun shiɓe, sun kaɗe da mazari. In saƙi za a yi, an kai zaren karofi an tsoma a baba har ya yi baƙi. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna da ƙoshiyarsa yana gauraya baƙi da fari ƙanana ƙanana, har ƙyallen ya fito kamar gashin zabo.

Wannan sana'a ita ta ɗaukaka Kano. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya sauka birnin, ya duba kasuwancinsa da kyau. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kai wa Tambutu ta yamma. Ya ƙiyasta abin da a ke kai wa Tambutu kaɗai ko wace shekara bai gaza kayan raƙumi 300 ba, na kimanin wuri miliyan 60. Ran da na fara haɗa ƙwarya, na wuni ban gama uku ba, sai na tsaya ina lissafin yawan yatsun da suka cika kayan raƙumi ɗaya tak. Tun daga ran nan lissafin Barth ya daina zame mini baƙaƙe a takarda. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya, cikin hannayen nan akwai na bayi masu yawa, waɗanda aka kamo daga garuruwansu aka zuba a rinji suna noman auduga, waɗansu kuma aka sa su saƙa. Su ma rigar ta riƙe wahalarsu.

Abu na biyu shi ne zaɓen zaren aiki. Manyan rigunan da, da tsamiya a kan yi musu ado. Tsamiyar nan ba daga ƙasar waje ta ke zuwa ba. Waɗansu tsutsotsi ne su kan taru su saƙa gida ɗaya babba a jikin itace, a ciro gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a wanke, a shanya, mata su kaɗe. Launinta tsakanin fari ne da ƙasa-ƙasa, ba ta da ƙyalli mai yawa, amma ƙarfinta ya fi gaban mamaki. A rigar kakan nan tawa ƙyalle ya mutu, tsamiya tana nan daram. Yarabawa ma suna saƙa ta, suna kiranta sanyan. Shafi kuwa, watau abin da a ke liƙa wa bakin riga da hannuwanta ta ciki, na alharini ne ja. Shi kam baƙo ne. Ragowar siliki ce ta masaƙun Turai, a kan kawo ta Tarabulus, fataken Larabawa, musamman mutanen Gadamus, su ɗoro ta bisa raƙuma su ƙetaro Sahara da ita. Sabo da haka in basarake ya naɗe hannun rigarsa bisa kafaɗa, jan nan ya bayyana, ko bai yi magana ba an san abin da ya sa ya yi tafiyar watanni cikin rairayi.

Abu na uku shi ne zane. Ba ko wane maɗinki ke zana riga ba. Galibi aikin malamai ne, da alƙalamin kara da tawada, irin waɗanda su ke yi wa allo zayyana in yaro ya sauke. Malam ya zana, almajirai su cike, da haka su ke samun abin sakawa a baka ba tare da sun yi bara ba. Ban sha wuya a nan ba, gama hannuna ya saba da allo tun ina yaro. Adon yana taruwa ne a hagu, bisa babban aljihu, ya hau ya kewaye wuya. A dama a kan yi da'ira mai naɗewa kamar gammo, a yi wata babba a baya. Askakin nan masu tsini da su ke saukowa ƙasa, su ne riga ke samun suna da su, a ce aska biyu, ko aska takwas. Akwai kuma gidan biyar, mai kama da hatimin da malamai ke zanawa, da dagi, wanda daga baya ya zama alamar Arewa duka.

Wani abin lura shi ne, in ka ɗauko tsohuwar riga ta Kano, da ta Zazzau, da ta Bida, da ta Ilori, ka jera su, sai ka ga zanen kusan ɗaya ne. Dalili kuwa, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da aka fara a 1804, ƙasashen nan sun koma ƙarƙashin tuta guda, malamai da fatake da masu sana'a suna kai da kawowa tsakaninsu. Riga kuma ta zama harshen mulki. Da ita sarakuna ke haɗawa cikin gaisuwar da su ke aika wa Sakkwato, da ita a ke yi wa wanda aka naɗa sarauta tukuici, da ita a ke sallamar baƙo mai daraja, da ita a ke saka wa jarumi. Nufawa suka yi fice ƙwarai wajen wannan aiki, har ya zama a kasuwar Kano kanta, uwar tufafi, girken Nupe abin nema ne.

Bayan zane sai cikewa, nan ne haƙuri ke ƙarewa. Na yi mako uku ina cike aska ɗaya, ina jin daɗin kaina, na kai wa tsohon nan. Ashe na riƙa jan zare da ƙarfi, ƙyalle ya tattare. Bai ce mini kome ba, sai ya jawo ɗan wuƙarsa ya farke shi sarai. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba, aikin mako uku fa ke nan!"

Ya ce, "Ɗana, rigar da ka kawo mini ta fi shekara ɗari. Wa ya tambaye ka kwana nawa mai ita ya yi yana yi? Kyanta kaɗai muka gani."

Amma duk cikin aikin nan ba abin da na fi so kamar in juya tsohuwar riga bai-bai in duba cikinta. Waje na mai riga ne, ciki na maɗinka ne. Tsohon nan ne ya koya mini wannan karatu. Ya nuna mini a rigar kakana hannu uku dabam dabam. Wuya aikin gwani ne, ɗinkinsa daidai wa daida kamar an auna, ba ka ganin inda ya ƙulla zare. Da'irar baya ta wani ce mai sauri, mai faɗaɗa taki. Can kuma ƙarƙashin aljihu, inda ido ba ya kai wa, akwai tsinin wata aska da ya ɗan karkace, an farke an sake har sau biyu, ramukan allurar farko suna nan. Ya ce, "Ka ga wannan? Yaro ne ɗan koyo, an ba shi inda ba a gani. Shi ma an farke masa kamar yadda na farke maka." Ban san sunan yaron nan ba, ba kuwa wanda zai sani har abada. Amma na san ya zauna a wani zaure, ya ji haushin da na ji, ya haɗiye, ya sake zura zare. Ban taɓa karanta littafin da ya kusantar da ni ga mutanen da kamar ramukan allurar nan ba.

Ƙarshen aiki shi ne bugu. A kan kai riga mabuga, a ɗan yayyafa mata ruwa, a naɗe, a ɗora bisa gungume, a yi ta dukanta da manyan sanduna har ta kwanta ta yi sheƙi. In kore ce a kan ƙara mata garin shuni, ta fito tana walƙiya. Garin Kura, kudu da Kano, shi ya shahara da wannan, daga can a ke samun turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura da Abzinawa ke ƙauna. Wata 14 na yi kafin rigata ta je mabuga. Sa'ad da na kawo ta idon tsohon nan ya riga ya tafi. Ya karɓa, ya bi ta da yatsa daga wuya har shafi, ya juya ta bai-bai ya sake bi, ya ce, "To, ta yi kama da 'yar'uwarta." Bai ga damina ta gaba ba. Abin da ke ci mini rai har yau, ya sha gaya mini sunayen ƙananan zane-zane da na irin ɗinki iri iri, ni kuwa da na ke wuni ina rubuta maganar mutane a ofis ban rubuta tasa ba, ina cewa gobe. Rabinsu sun bi shi kabari.

Yadda sana'ar ta ja baya ba ɓoyayye ba ne. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da a ke haɗawa a masana'anta. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus, ayarin Sahara ya mutu, alharini ya yanke, yadin Turai mai araha ya cika kasuwa. Keken ɗinki ya shigo, a 1957 aka buɗe babbar masaƙar zamani a Kaduna, daga baya kuma aka sami keken da ke yin ado cikin kwana ɗaya. Ba na zargin keke, gama ya suturta talakan da a da bante da warki kaɗai ya mallaka. Aikin hannu kuma bai mutu ba. Tun wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka karɓi ɗinkin manyan riguna, wanda a da na maza ne, suka mai da shi sana'arsu ta cikin gida. Ran hawan salla kuma har yanzu a kan ga 'yan lifida, ga shi kuwa tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, aka fara sa lifidi a birnin. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gāda. Sai dai doki da kakaki kowa yana ganinsu, mai allurar da ya tufatar da mahayin ba mai tambayarsa.

Sabo da haka ina roƙon mai karatu abu biyu. In akwai tsohuwar riga a gidanku, kada a yayyaga ta a yi tsumma, kada kuma a sayar da ita don abin cefane. A kakkaɓe ta, a naɗe cikin farin ƙyalle, a ajiye inda ba laima. Wanda ba shi da ita ya je Gidan Makama a Kano ya ga kayan mutanen da. In kuma akwai sauran tsohon maɗinki, ko masaƙi, ko tsohuwa mai kaɗi a unguwarku, a je a gaishe su yau, a tafi da takarda da alƙalami, a tambaye su sunan kome, a rubuta. Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda aikinsu kaɗai ya iso mu, amin.