Dattijo da Saurayi a Yammacin Ƙasar Kano: Tarihin Koyi da Magabata

Dugabau gari ne na manoma a yammacin ƙasar Kano, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo. Garuruwa irin su Garo da Gammo da Godiya duk a wannan yanki suke, kuma abin da ya haɗa su tun da daɗewa shi ne noman gero da dawa da gyaɗa, da karatun allo, da cin kasuwannin juna. A irin waɗannan garuruwa ne ake iya ganin yadda al'ummar Hausawa ta riƙa mai da yaro mutum, tun ba a san makarantar boko ba, balle aikin albashi. Hanyar kuwa ba wata ba ce illa a ajiye saurayi kusa da babba, ya yi ta kallonsa shekara da shekaru, har halin babban ya shige shi. Tarihin wannan hanya, da abubuwan da suka ƙarfafa ta da waɗanda suka raunana ta, shi ne abin da za a bi a nan.

Da farko ya kamata a bambanta tsoho da dattijo, domin Bahaushe bai haɗa su ba. Tsufa shekaru ne, kowa ya yi tsawon rai zai same shi. Dattako kuwa hali ne, shi ya sa akan ce da mai shekara arba'in ya yi dattako, a kuma ce da mai furfura tsohon banza. Ita kanta kalmar dattijo daga Fillanci Hausa ta aro ta. A cikin wata lacca da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, Baturen nan A. H. M. Kirk-Greene ya tattara halayen da Hausawa ke auna mutum da su, watau gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye da ake koyarwa da baki kaɗai. Ana iya karanta wa yaro babin amana a littafi, amma ba zai san nauyinta ba sai ran da ya ga an kawo wa ubansa ajiyar kuɗi, aka shekara uku, mai su ya dawo aka miƙa masa a ƙullin da ya kawo su.

Makarantar farko ta wannan koyi ita ce gandu. A tsarin gandu, 'ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gonar ubansu tun daga safe har wajen azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa, watau 'yar gonar da uban ya yanka masa don biyan ƙananan bukatunsa. Shi kuma maigida akwai abin da ke wuyansa: shi ke ciyar da gida daga rumbu, shi ke samar da iri da fartanya da garma, shi ke biya wa 'ya'yansa haraji, kuma shi ke ɗaukar nauyin aurensu na fari. Saboda haka saurayin da ya tashi a gandu ba noma kaɗai yake koyo ba. Yana ganin yadda ake auna hatsi don ya kai wata damina, da yadda ake fid da zakka tun a masussuka, da yadda ake raba faɗan kishiyoyi ba tare da an ji a waje ba, da yadda ake karɓar baƙo a zaure, da irin muryar da ake yi wa dagaci magana da ita in ana neman sassauci. Duk wannan ba a zaunar da shi an ce ga darasi ba. Ran da uban ya kwanta dama, sai a tarar ɗan ya riga ya san inda kome yake.

Amma kada a ɗauka gandu biyayya ce tsagwaronta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta buga shi a 1972, sa'an nan ta yi wani a Dorayi kusa da birnin Kano ta buga a 1977, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce da kowane ɓangare ke cin amfaninta, kuma ɗa yana iya fita in ya ga ba riba. Ta kuma lura da cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali, yayin da 'ya'yan matalauta suka fi saurin watsewa, su tafi ƙodago ko cin rani. Wannan magana tana da ɗaci, amma tana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar abin da ya faru daga baya. Kwarjinin dattijo a idon saurayi yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, hali da iya ɗaukar nauyi. In ɗaya ta karye, ɗayar takan sha wuya.

Makaranta ta biyu ita ce zauren malami, kuma a nan tarihi ya adana misali wanda ya fi kowane fitowa fili. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malaman da shi da wansa suka yi karatu a wurinsu, ya ba da labarin yadda Shehu Usmanu ya zauna kimanin shekara biyu tare da wani malami ɗan'uwansu mai suna Usmanu Binduri, ya riƙa kwaikwayonsa a cikin tsoron Allah da umurni da kyakkyawa da hani da mummuna, har ya ɗauki ɗabi'unsa. Shi kansa Abdullahi yana da shekara 13 aka danƙa shi a hannun Shehu. Watau mutumin da ya girgiza ƙasar Hausa a 1804 ya fara ne da zama a gaban wani babba yana kallon yadda yake tafiyar da rayuwarsa.

Jihadin ya iso ƙasar Kano ta yamma. A Kwazazzabon 'Yarkwando jama'a suka yi hijira suka taru, a ƙarƙashin malamai irin su Malam Jamo na Sulluɓawa da Malam Ɗanzabuwa da Malam Bakatsine, kuma Gammo da Godiya da Ƙaraye suna cikin wuraren da aka fara gwabzawa, kafin a karya Sarki Alwali a Ɗanyaya a 1807. Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarautar Kano daga 1819 zuwa 1846, kuma zuriyarsa ke riƙe da ita har yau, daga cikin Sulluɓawan nan ya fito. To, a nan akwai abin da yakan kuɓuce wa masu wa'azin biyayya. Masanin tarihi Murray Last ya jawo hankali ga cewa galibin waɗanda suka ɗauki makami a jihadin samari ne. Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba sa'ad da aka yi hijira zuwa Gudu. Waɗannan samari sun juya wa manyan zamaninsu baya, sarakuna da fadawa da malaman fada, masu shekaru da rawuna. Amma ba su zama marasa madubi ba. Sun bar wani babba ne suka kama wani, wanda suka ga maganarsa da aikinsa sun dace. Tambayar da tarihin ya ajiye ke nan, wane babba saurayi zai bi, domin bin dai ba makawa sai ya yi.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, kuma cikin shekarun farko na mulkinsu suka fara tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon birni. Wannan ya kawo sarauta kusa da talaka, amma ya kuma ɗora wa dagatai da masu unguwanni aikin tara haraji da tattara mutane don aikin tilas, abin da bai ƙara musu farin jini a wurin samari ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka fara shiga hannun saurayi daga gayaunarsa ba tare da sun bi ta hannun maigida ba. Duk da haka tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, sai ma ta sami sabon fage a kasuwanci. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, a hanyar fataucin Gwanja ya koyi sana'a, kuma harkarsa ta gyaɗa ta tsaya ne a kan yaran gida da wakilai da ake ba jari bisa amana su shiga ƙauyuka. Yaron da ya riƙe amana yakan zama ubangidan wasu.

Karo na biyu da samari suka yi wa manya tsaye shi ne zamanin siyasa. A ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas, galibinsu samari, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma kafin a daɗe kiranta ya ratsa ƙauyuka. Abin da ya fi ɓata wa hakimai da dagatai rai shi ne ganin ɗan talaka ya ƙi faɗuwa ya yi gaisuwa, ko ya tsaya a gaban alƙali yana tambayar hujja. Da yawa sun sha bulala da ɗauri saboda haka, kuma a gidaje da dama uba yana NPC ɗa yana NEPU, ana cin tuwo a akushi ɗaya ba a magana. A idon manyan wancan lokaci wannan rashin kunya ne kawai. Amma in aka duba da kyau, sai a ga abin da ya faru a 1804 ne ya sake dawowa da wata riga. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ɗan gidan malamai da alƙalai ne, kuma da aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci a 1942 sai ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, ya kuma yi masa tasiri ƙwarai wajen faɗin gaskiya a gaban masu iko. A 1950 Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga siyasa gaba ɗaya. Samarin da suka bi shi ba jawabinsa kaɗai ya ja su ba. Sun ga irin tufafin da yake sawa, da irin gidan da yake zaune, da yadda talaka ke shiga zaurensa ba shamaki, sai suka gaskata abin da yake faɗa a kan dandamali.

Shekarun da suka fi jijjiga tsarin su ne na bayan kafa Jihar Kano a 1967. Gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai, a shekarar ce kuma aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1979 kuwa Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da alherinsa, soke haraji musamman ya sauke wa talaka kaya mai nauyi. Sai dai kowanne ya tsinke wani zare da ke ɗaure saurayi da babba. Uban da ba ya biya wa ɗansa haraji ya rasa ɗaya daga cikin hujjojin riƙe shi a gandu. Yaron da ya iya karanta takardar gwamnati ya zama shi ke yi wa ubansa bayani. A kan wannan kuma ga farin 1972 zuwa 1974 da ya bar rumbuna wayam, ga kuɗin man fetur da suka cika birni da gine-gine masu neman lebura. Saurayin ƙauye ya ga abin da zai samu a wata ɗaya a Kano ya fi abin da gayauna za ta ba shi a shekara, sai ya ɗaura 'yan kayansa.

Tafiya birni ba sabon abu ba ce, domin almajirai da 'yan cin rani sun daɗe suna yin ta. Bambancin shi ne a da akwai wanda ake sauka a hannunsa, ko malami, ko fatoma, ko wani ɗan garinsu da ya riga ya zauna, kuma da damina ta faɗi akan koma gida. Yanzu kuwa samari suka yi yawa, masaukai suka kasa, tsadar abinci ta sa masu ba da sadaka suka janye hannu. A cikin irin waɗannan gardawa ne Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya sami mabiya. Sarki Sanusi ya taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya dawo daga baya ya kafa sansani a 'Yan Awaki. Ya ba su abinci da wurin kwana, ya ba su bayanin abin da ya sa suke cikin wahala alhali wasu na cikin daula, watau ya tsaya musu a gurbin uban da suka baro a ƙauye. A Disambar 1980 rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana faɗa har sai da soja suka shiga, kuma hukumar binciken da Mai Shari'a Aniagolu ya shugabanta ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Mutanen birni sun yi ta mamakin yadda yara suka yarda suka mutu saboda mutum ɗaya. Wanda ya san gandu da zauren malami ba zai yi wannan mamaki ba, domin an rene su ne a kan su ba da kansu ga babba, sa'an nan aka bar su su nemo babban da kansu.

Ba a cika shekara biyu da rabi da wannan ba, a ranar 17 ga Afrilu 1983, Malam Aminu Kano ya rasu yana ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar PRP. Ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, amma bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba, kuma wannan shi ne abin da mutanen karkara suka fi ambata game da shi. An binne shi a gidansa na Gwammaja. Daga baya gidan ya koma hannun Jami'ar Bayero, aka mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ana kiransa Gidan Mambayya, da laƙabin mahaifiyarsa.