Gwiwa a Ƙasa: Ladabi ko Raini?

A wurinmu durƙuso ladabi ne. To, a Amurka kuwa rigima ya haddasa.

A watan Agustan 2016, Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar San Francisco 49ers, ya ƙi miƙewa ana taken ƙasa, saboda yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Da farko zama ya yi. Wani tsohon soja, Nate Boyer, shi ya ba shi shawarar ya durƙusa, wai haka sojoji kan yi a kabarin ɗan'uwansu.

Duk da haka, masu goyon bayan 'yan sanda suka ce ya raina tuta da waɗanda suka mutu dominta. A 2017 Shugaba Trump ya ce a kori masu durƙuson. Shi kuwa Kaepernick, bayan kakar 2016 babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa.

Sai ga 2020, wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu. A lokacin ne hukumar wasan, NFL, ta ce ta yi kuskure da ba ta saurari 'yan wasanta ba. Kun ga, sai da aka rasa rai kafin a saurara.